Gadin Maciji

Idan mutum ya yi maka alheri saboda wani dalili na banza, alherin ya ƙazantu ne, ko yana nan yadda yake? Na juya wannan tambaya a raina har na gaji, ita ma ta gaji da ni. Ina naɗin waya ina juya ta, ina cin abinci ina juya ta, kuma har yau ban samu amsar da zan iya tsayawa a kanta ba. Abin da ya jawo ta kuwa maciji ne, wanda yayana ya saya ya ajiye a gidansa.

Mu biyu Baba ya haifa. Yaya yana da kantin tayil da kayan banɗaki, da gida mai bene, da tumbin da ya dace da su. Ni kuwa naɗin wayar fanka da injin jan ruwa nake yi, a wani shago da ke tsakiyar layin masu walda, ina kwana a ɗakin da ke bayansa. Ban yi nisa a makaranta ba, amma nakan sayi tsofaffin littattafai a bakin titi in karanta, shi ya sa Yaya yake kirana Farfesa. Ba don girmamawa ba.

Baba gadin dare ya yi duk tsawon ƙarfinsa, a wani sito na kayan gini. Tun muna yara mun san shi da fita da magariba, ya dawo da sassafe ido jawur, marigayiya mahaifiyarmu ta kora mu waje don ya samu ya rintsa. Da tsufa ya zo aka sallame shi daga aikin, amma jikinsa bai ji sallamar ba. Dare na yi idonsa zai bushe. Gari na wayewa barci zai rufto masa. Ba taurin kai ba ne. An juya mutum ne, aka manta ba a mayar da shi daidai ba.

Da farko a gidan Yaya ya zauna. Ba a daɗe ba aka fara ƙorafi. Wai yana zagaya gida cikin dare yana taɓa kwaɗo da sakata, yana haska tocila ta tagar yara, yana irin tarin nan na masu gadi da ke gaya wa ɓarawo akwai mutum a wurin. Wata safiya sai ga motar Yaya a ƙofar shagona, Baba a kujerar baya da akwatinsa a cinya.

"Farfesa, riƙe shi na ɗan lokaci," in ji Yaya, ko injin motar bai kashe ba. "Gidana gida ne mai tsari. Wanda ba ya barci da dare ba zai iya zama da masu barci ba."

Na karɓi akwatin. Me zan ce? Ubana ne.

Sai dai ɗakina ba wurin barcin rana ba ne. Bango ɗaya ya raba mu da mai walda, ɗaya bangon kuma da masu buga jikin mota. Daga hantsi injin yankan ƙarfe zai fara ihu, guduma ta amsa masa, janareto ya riƙe musu amshi, rufin kwano kuma ya dafa mutum a hankali. Lokacin da Baba yake neman barci, lokacin layinmu yake neman abinci. Na toshe masa kunne da auduga. Na manna kwalaye da soso a bango. Duk a banza. Sai ya kwanta ya rufe fuska da tawul, in leƙa in ga yatsun ƙafarsa suna zabura duk sanda guduma ta sauka. Na nemi wani ɗakin, amma duk wanda ƙarfina zai kai a irin layinmu yake.

Ana cikin haka Yaya ya kira ni, wai in zo da kayan aikina, akwai wata waya da zan ja masa. Na isa da azahar. Kafin in ƙwanƙwasa ƙofar falo matarsa ta buɗe, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Yi a hankali, Injiniya. Maigida na barci."

"Da ranar nan? Shi da ya ce in zo?"

"Ba yayanka ba," ta ce, ta karkace baki. "Maigidan gaske. Cire takalminka."

Na shiga na tarar da gidan tsit. Talabijin na yi ba murya. Yaran sun dawo daga makaranta suna cin abinci kamar a gidan makoki, kowa yana lallaɓa cokalinsa. An ɗaura tsumma a hannun kowace ƙofa don kada ta buga. Anti, matar Yayan, ta raɗa min cewa ko injin markaɗen kicin an hana ta kunnawa sai bayan magariba.

Sai ga Yaya yana saukowa daga bene da sanɗa. Babban mutum mai tumbi yana tafiya a kan yatsun ƙafa abin kallo ne, da na samu kujera da na zauna na kalla. Ya yafuto ni, muka bi ta bayan falo, ya buɗe wata ƙofa kamar mai buɗe ɗakin tiyata.

Ɗakin Baba ne. Na gane shi da ƙusar da yake rataye rigarsa. An rufe tagogin da labule mai kauri, an ninka, an shimfiɗa kafet da ƙafa ke nutsewa a ciki. Sanyi-sanyi, duhu-duhu, ba ka jin komai sai numfashinka. A kan wani tebur akwai akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro. A cikinsa an zuba ɓawon itace, an ajiye kwanon ruwa da busasshen reshe, da wata tukunyar ƙasa a kife da aka fasa mata ƙofa a gefe.

"Ga shi nan," Yaya ya raɗa, da muryar wanda yake nuna jaririn da aka haifa masa.

"Ina?"

"Cikin tukunyar mana."

Na duƙa na duba. Tukunya na gani.

"Dangin mesa ne, amma ƙarami, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo," in ji shi. "Ba shi da dafi. Duk cikin abokaina ba mai irinsa."

"To ya fito mu gaisa."

"Ba ya fitowa da rana. Sai kowa ya kwanta, an kashe fitilu, sannan yake yawonsa."

"Kai ka taɓa ganinsa kuwa?"

"Ranar da aka kawo shi na gan shi sosai."

Daga baya na ji asalin abin a bakin Anti. Wani abokin kasuwancinsa ne ya ajiye ɗawisu, wani kuma ya ajiye jimina, Yaya ya rasa barci sai ya samo abin da zai rufe musu baki. Ya samo kuwa, sai dai abin bai yarda a gan shi ba. Duk ƙarshen mako baƙi sukan zo, su cire takalma, su shiga layi, su ƙura wa tukunya ido, su ce madalla, su fita. Wani ya rantse ya ga wutsiya. Anti ta ce igiyar labule ce ya gani a jikin gilashi.

Aikin da aka kira ni dominsa shi ne in haɗa wata shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin akwatin don ta riƙa ba shi ɗumi, in kuma sa makunnin da za a juya zuwa batir in an ɗauke wuta. Wai sanyi yana hana shi narka abinci. Na durƙusa na fara. Ina feƙe waya na ce, "Yaya, wannan ba ɗakin Baba ba ne?"

"Da can."

"Na ɗauka ka ce wanda ba ya barci da dare ba zai zauna da masu barci ba."

Ko gezau bai yi ba. Wannan baiwa ce da Allah ya yi wa Yaya: kunya takan zo har ƙofarsa ta koma.

"Farfesa ke nan," ya ce. "Wannan halittarsa ce, haka aka yi shi. Baba kuwa mutum ne, yana da hankali. In ya so zai gyara."

Abin haushin shi ne maganar tana da siffar hankali, har na rasa ta inda zan kama ta. Gaskiya ne, muna yi wa dabba uzuri don ba ta da zaɓi, muna tuhumar mutum don yana da shi. Amma yaushe Baba ya zaɓa? Dararen da ya kwana a tsaye su ne suka zama littattafan Yaya da takalmansa na makaranta. Maciji ya zo duniya da darensa a kyauta, Baba kuwa nasa da lafiyarsa ya saye shi. In akwai wanda ya cancanci labule mai kauri a cikin su biyun, ai ba mai kwana a tukunya ba ne. Wannan amsa ta zo min tsaf, a jere, ba gyara. A cikin bas ta zo, ina hanyar komawa, lokacin da ba ta da amfani ga kowa.

Na yi niyyar ɓoye wa Baba, amma magana ba ta zama a cikina. Na kwashe duka na gaya masa, har da tsumman ƙofa. Ya saurara yana murza idonsa.

"Me yake ci?" ya tambaya.

"Ɓera."

"To," ya ce.

Makonni suka wuce, Baba yana ƙarewa a gabana. Hannunsa ya fara rawa, in ya ɗauki kofin shayi rabi a ƙasa yake tsayawa. Yakan fara magana ya manta ƙarshenta. Na karɓo masa maganin barci a kantin magani don ya gwada kwanan dare, maganin ya bar shi da jiri, barcin kuma bai zo ba. Wata rana ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ban san kaina ba.

Sai wata rana da hantsi motar Yaya ta sake tsayawa a ƙofar shago. Wannan karon ya kashe injin. Ya fito da leda cike da lemo da ayaba, ya kakkaɓe benci da hankici, ya zauna kusa da Baba. Da na ga ledar na san akwai magana, don Yaya ba ya sayen ayaba a banza.

Dole ya ɗaga murya saboda injin mai walda, don haka rabin layin sun ji. Maigida dai, wato macijin, ba shi da lafiya. Ya daina cin abinci. In an ba shi mataccen ɓera ba ya ko kallonsa, sai mai rai, kuma sai cikin duhu. Yaya ya jefa masa mai rai ya tafi ya kwanta. Da safe ya tarar ɓeran ya gwaigwaye wa macijin baya, ya hau kan tukunya yana wanke fuska. Likitan dabbobi ya zo ya yi faɗa, ya ce kada a sake barin su biyun ba mai kallo: a sa ɓera, a zauna a zuba ido, in macijin bai kama ba a cire da awartaki. Ga kuma makunnin batir, in an ɗauke wuta sai da mai juya shi.

"Na gwada da kaina," in ji Yaya. "Na farka da safe a kan kafet, wuyana ya ƙage. Mai gadin ƙofa ya ce gara ya ajiye aikin. Uwar yara kuwa ta ce ranar da na sake yi mata maganar, a gidan iyayenta zan same ta." Ya yi 'yar dariya, ya dafa gwiwar Baba. "Sai na tuna, ai muna da gwani a gida."

Na ajiye fankar da ke hannuna.

"Baba, ɗakinka yana nan," ya ci gaba. "Na sa sabon gado, sabuwar katifa. Da rana ko ƙuda ba zai dame ka ba. Da dare kuma, tunda dama idonka biyu..."

"Yaya," na ce, "aiki ka zo ɗaukar ubanka?"

"Wane irin aiki? Shi yana neman wurin barci, ni ina neman mai ido biyu. Kowa ya samu abin da yake so. Kai matsalarka ke nan, Farfesa, komai sai ka tauna shi har ya yi ɗaci."

"Da ɓeran bai ciji macijin ba fa?"

"Ai ya cije shi."

Baba ya jira injin ya ɗan tsagaita. Sannan ya cire hannun Yaya daga gwiwarsa, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga riga.

"Babba," ya ce, don haka yake kiransa, "na yi gadin siminti, na yi gadin rodi, na yi gadin kayan mutanen da ko sunana ba su sani ba. Don ku na yi. Ban yi don in tsufa in yi gadin maciji a gidan ɗana ba. Ɗauki lemonka."

Daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa. Yaya ya miƙe yana cewa shi dai taimako ya zo yi, mutane ba su san alheri ba. Ya shiga mota ya bar ledar a kan benci.

Kafin la'asar na kai labarin kowane shago a layin. Ina kwaikwayon tafiyar sanɗar Yaya, ina kwaikwayon ɓera yana wanke fuska. Mai walda ya yi dariya har sai da ya cire tabaransa ya share hawaye.

"Tsoho ya yi maganinsa!" ya ce. "Wallahi ya burge ni. Namiji ke nan." Ya mayar da tabaran, ya kunna injinsa.

Mutunci kam Baba ya samu a layinmu, kowa ya wuce sai ya ɗaga masa hannu. Barci ne dai bai samu ba.

Ba a jima ba, wata rana da zafi ya kore shi daga ɗaki, ya fito ya zauna a benci kusa da teburin aikina. Na juya baya ina neman wani noti. Gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya karkace, damtsensa ya sauka a kan ƙarfen da nake narka dalma da shi. Ƙauri na fara ji. Da na waiwaya yana nan a karkace, bai farka ba tukuna. Ba ƙunar ce ta tsorata ni ba, wannan ɗan jinkirin ne. Gajiyar da za ta sa wuta ta ci naman mutum bai sani ba ta wuce gajiya.

Washegari Anti ta zo da kular abinci. Ta leƙa ɗaki ta gaishe shi, ta ga bandeji, ta fito ta tsaya a kaina.

"Injiniya, wa ya hana shi zuwa? Shi ko kai?"

"Da bakinsa ya ƙi."

"Kana tsaye a kansa kana huci kamar kububuwa, me kake so ya ce?"

"Anti, mijinki ba don Allah ya nemi Baba ba."

"Ni za ka gaya wa? Ni nake zaune da shi. Yayanka in ka ga ya yi abin kirki, to kuskure aka samu. Amma katifar ba ta san dalilin da ya sa aka saye ta ba. Mutum zai kwanta, ta ɗauke shi."

"Mutuncinsa fa?"

"Nasa ko naka?" Ta gyara gyalenta. "Kai ɗaki kake da shi, ko magana? Ɗayanku ya ba maciji ɗaki, ɗayanku yana ba tsoho hujja ya yi matashi da ita. Ni dai Allah ya haɗa ni da 'yan gida ɗaya. A wanke min kulata."

Ta tafi ta bar ni da waya a hannu. Na so in ce ba ta fahimci zurfin abin ba. Akwai bambanci tsakanin a kira uba gida da a kira mai gadi bakin aiki, ko da gado ɗaya za su kwanta. In Baba ya je, Yaya zai ɗauka ya yi daidai tun farko, zai ma riƙa ba abokansa labarin yadda ya yi dabara. Mugun hali zai ci riba, a gaban idona. Duk wannan gaskiya ne. Amma na lura duk hujjojina a kan Yaya suke, babu ko ɗaya da ta taɓa damtsen Baba. Tsakanina da ɗakin kuwa kwali ne da soso, ban sani ba ko ya ji mu.

Ranar ta wuce, washegari ma ta wuce. Safiyar da ta biyo baya, bayan Baba ya kwana zaune a ƙofar shago kamar kullum, ya shiga ya kwanta. Na ga ya cusa audugarsa, ya ja tawul ya rufe fuska. Layin bai gama farkawa ba, na yi fatan ko zai ɗan samu. Sai mai walda ya iso, ya yi min sallama da fara'a, ya ja janareto. Injin ya fara. Daga ɗaya gefen guduma ta amsa.

Baba ya yaye tawul ɗin. Ya tashi zaune, ya zare audugar daga kunnensa, ya dube ta, ya ajiye a kan tabarma.

"Auta, ɗauko akwatin."

"Ina za mu?"

"Ka sani."

"Baba, kai da bakinka ka ce..."

"Na faɗa. Gaskiya na faɗa, kuma har yanzu gaskiya ce." Ya laluba takalminsa da ƙafa. "Barci nake ji, Auta."

Duk littattafan da na saya a bakin titi babu wanda ya tanadar min abin da ake cewa a nan. Na ɗauko akwatin, na tare tasi. Mai walda ya ɗaga tabarau ya bi mu da kallo, ban dube shi ba.

Mun samu Yaya bai fita kanti ba. Da ya gan mu fuskarsa ta washe, irin washewar ɗan kasuwar da mai ciniki ya tafi ya dawo.

"Ai na san za ka yi tunani, Baba," ya raɗa. "Ku cire takalma."

Ba sannu, ba ya jiki, bandejin ma bai gani ba. Anti ce ta karɓi akwatin daga hannuna, ta durƙusa ta gaishe da Baba.

Ɗakin yana nan yadda na bar shi, sai gadon da aka ƙara a jikin bango, katifar ko ledarta ba a cire ba. An ajiye kujera a gaban akwatin gilashin. A lungu akwai kejin ɓeraye, suna ta ƙananan motsinsu. Sanyin ɗakin da shirunsa suka rufe mu. Na ga kafaɗun Baba sun sauka, kamar an ɗauke masa buhu.

Amma Yaya bai bar shi ya zauna ba. Sai da ya tsayar da shi ya karanta masa dokoki. Ba a kunna babbar fitila, sai wannan ƙarama ja. Ba a ƙwanƙwasa gilashi. Ba a tari da ƙarfi. In an sa ɓera ba a kau da ido. In ya fito yawo a lura ko raunin bayansa yana ruwa, da safe a ba da bayani. Baba yana tsaye, hannayensa a baya, kansa a ɗan sunkuye. Na san tsayuwar. Na taɓa kai masa saƙo sito ina yaro, na same shi a haka gaban manaja.

"Ga awartakin," in ji Yaya, ya miƙa masa. "Ta wutsiya ake kamawa."

Na zuba ido. Wani abu a cikina yana roƙon ya karɓa ya jefar, ya ce mu tafi, in ɗauki akwatin in bi shi da kai a sama har layinmu. Idon Baba kuwa yana kan katifa.

Ya karɓi awartakin. Ya buɗe shi, ya rufe, ya gwada nauyinsa a hannu, ya ajiye a gefen tebur inda zai lalubo shi cikin duhu. Ya tambayi inda makunnin batir yake, na nuna masa, tunda ni na sa shi. Ya juya shi ya mayar. Sannan ya ja kujerar ya ɗan karkata ta, yadda in ya zauna zai ga bakin tukunyar ya kuma ga ƙofa. Ya cire hularsa, ya zauna a bakin gado, ledar katifar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa.

"Ku fita, ku ja ƙofar a hankali," ya ce. "Da magariba a tashe ni in kama aiki."